Tsaunin Mambila: Ƙasarsa da Tarihinsa da Jama'arsa

Galibin mutanen ƙasar Hausa ba su san Mambila ba sai ta hanya uku: ko dai ta kwalin ganyen shayi, ko ta labarin madatsar ruwan nan da aka daɗe ana alkawarin za ta wadata Nijeriya da wutar lantarki, ko kuwa ta labarin tashin hankali tsakanin manoma da makiyaya, wanda kan ɓullo a rediyo kwana biyu sa'an nan ya ɓace. Waɗannan abubuwa uku kuwa, in an bi diddiginsu, tushensu ɗaya ne, watau tsawon ƙasar. Tsawon ne ya ba ta sanyin da shayi yake so, shi ya ba ta ruwan da yake gangarowa da ƙarfi, shi ne kuma ya hana ƙudan tsando hawa, har ciyawarta ta zama abin da ake zub da jini a kansa. Saboda haka ya kamata a fara da ƙasar kanta kafin a zo ga mutanenta.

Yadda ƙasar take

Tsaunin Mambila yana can kusurwar kudu maso gabas ta Jihar Taraba, cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna wadda hedkwatarta take Gembu. Kamaru ta kewaye shi ta gabas da kudu, har da wani sashe na yamma, ta yadda in aka dubi taswira sai a ga kamar wani ɗan harshe ne Nijeriya ta zura cikin ƙasar maƙwabciyarta. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 96, faɗinsa kuwa kamar 40. Shi ba dutse guda ba ne mai tsini irin Dala ko Kwatarkwashi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya a sama, mai tuddai da kwaruruka, wadda take ci gaban manyan tuddan Adamawa da na Bamenda da ke cikin Kamaru.

Mai zuwa daga Jalingo yakan bi ta Garba Cede da Bali da Serti, har ya iso Mayo Selbe, a gindin hawan. Daga nan ne hanya take fara murɗewa tana hawa, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗaya hannun, domin a wasu wurare bangon tsaunin ya kai mita 900 daga ƙasa. Manyan motoci a nan sukan yi tafiyar hawainiya, direbobi kuwa sun san kowace kwana da halinta. In an ƙare hawan sai a faɗa Maisamari, daga nan Nguroje, sa'an nan Gembu. Tafiyar wuni guda ce daga babban birnin jihar, in hanya ta yi kyau ke nan.

A tsakaice, bisan tsaunin ya ɗara doron teku da kamar mita 1,600, watau fiye da ƙafa 5,000. Don a gane abin da wannan adadi yake nufi, sai a tuna birnin Kano bai kai mita 500 ba, tudun Jos kuwa, wanda Bahaushe ke ba da misalin sanyi da shi, a tsakaice bai kai mita 1,300 ba. Can arewa maso gabas da tsaunin, kan iyaka, akwai Cabbal Waddi, wanda kuma ake kira Gangirwal, mai tsawon mita 2,419. Babu inda ya kai shi tsawo a Nijeriya duka. Yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, shi ne kuma mafi girma cikin gandayen dajin ƙasa.

Masana yanayi sun nuna cewa duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da kamar digiri 6. Wannan shi ya sa a watan da mutanen Yola suke kwana a tsakar gida don zafi, na Nguroje da bargo suke kwana. Da ƙyar zafin rana yake wuce digiri 25. Ruwa kuma ba a magana. Iskar damina mai tasowa daga teku in ta ci karo da tsaunin sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da abin da ta ɗauko. Ana samun fiye da milimita 1,800 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu, damina kuma takan ɗauki wata bakwai ko takwas. Daga wannan ruwa ne ƙoramun da suka haɗu suka zama kogin Donga suke tasowa, su gangara su faɗa Binuwai.

Abin da yakan fara ba baƙo mamaki shi ne rashin itatuwa. Ga ruwa ga ni'ima, amma iyakar ganin ido ciyawa ce kawai ta lulluɓe tuddai. Itatuwan da ake gani jere-jere kewaye da garuruwa yawanci turare ne, wanda wasu ke kira zaiti, baƙon itace da aka shigo da shi zamanin Turawa don katako da makamashi. Kurmin asali ya rage ne a bakin rafuka da cikin lungunan da wutar daji da kofato ba su kai ba. Mafi shahara cikinsu shi ne Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, wanda aka keɓe a 1969, inda ake samun manyan birai irin waɗanda ake kira cimfanzi, da itatuwan da ba a samunsu a ƙasar zafi.

Sai kuma babban al'amari, wanda ba a ganinsa da ido: babu ƙudan tsando a bisa tsaunin. Wannan ƙuda, shi ne mai ɗauke da cutar sammore da ke karkashe shanu, ya cika dazuzzukan da ke ƙasa, amma sanyin sama da rashin inuwa ba su yi masa ba. Ke nan ga makiyayi, Mambila tsibiri ne na lafiya a tsakiyar ƙasar cuta. Za a komo kan wannan.

Mambilawa da harshensu

Mutanen da tsaunin ya ci sunansu su ne Mambilawa. Ƙiyasin masu nazarin harsuna a shekarun 1990 ya sa yawansu kamar 100,000 a Nijeriya, da kamar 30,000 a Kamaru, inda wasunsu suka gangara suka zauna a filin Tikar, a garuruwa irin su Somie da Atta da Sonkolong.

Harshensu ba shi da dangantaka da Hausa ko kaɗan. Hausa tana cikin iyalin harsunan Cadi, Mambila kuwa tana cikin waɗanda suke 'yan uwa na kusa da harsunan Bantu, irin su Suwahili da Zulu. Tun da masanin harsunan nan Joseph Greenberg ya kawo hujjojinsa a tsakiyar ƙarni na 20, yawancin masana sun yarda cewa daga wannan yanki na kan iyakar Nijeriya da Kamaru ne kakannin masu magana da Bantu suka taso, shekaru dubbai da suka wuce, suka bazu har ƙarshen kudancin Afirka. Hujjar ita ce, inda harsuna 'yan uwa suka fi yawa suka kuma fi bambanta da juna a ɗan ƙaramin fili, can ne suka fi daɗewa. Wannan bai nuna cewa daga wani ƙauye na musamman aka tashi ba, kamar yadda wasu masu kishin gida kan so su ce. Abin da ya nuna shi ne, zama a waɗannan tuddai tsoho ne ƙwarai.

Shi kansa harshen Mambila, kiransa harshe ɗaya akwai 'yar magana. Kusan kowane rukunin ƙauyuka da karinsa, wani lokaci kuma bambancin ya wuce irin na Sakkwatanci da Kananci nesa ba kusa ba, har mutumin wannan kwari ya kasa fahimtar na wancan. Dalili a fili yake. Inda kwari mai zurfi da kogi mai ƙarfi suka raba ƙauye biyu, inda kuma babu babban sarki ko babbar kasuwa da za ta tara mutane, kowa da bakinsa zai tafi. Shi ya sa da Fulani suka zo, Fulatanci ya zama harshen da kowa ke ciniki da shi. Sunayen wurare ma sun shaida haka: Mayo kogi ne da Fulatanci, shi ya sa ake da Mayo Selbe da Mayo Ndaga, Cabbal kuwa tudu ne mai ciyawa. Sunaye irin su Maisamari da Yelwa su kuma sawun Hausawa ne.

Ƙananan harsuna na wannan yanki suna mutuwa, wasu ma sun riga sun mutu. Wani masani mai suna Bruce Connell, da yake bincike a ɓangaren Kamaru a 1994 zuwa 1995, ya tarar da wani harshe da ake kira Kasabe, mutum ɗaya tak ya rage mai jinsa. Ya yi niyyar komowa ya ɗauki bayani. Da ya komo a 1996 sai aka gaya masa tsohon ya rasu tun ranar 5 ga Nuwamba, 1995. Labarin ya shiga littattafan ilmin harsuna, amma a ƙauyen ba wanda ya ɗauke shi wani abin mamaki, don 'ya'yan tsohon da maƙwabtansa duk sun daɗe da komawa wani harshen.

Kafin zuwan baƙi, Mambilawa ba su da sarki guda. Kowane ƙauye da shugabansa, wanda aikinsa ya fi karkata ga al'amuran tsafi da sasanta mutane bisa ga mulki. Abin da ke riƙe jama'a shi ne rantsuwa da dodannin da suke kira Suwa. Suna kuma da wata hanyar duba wadda masana suka yi rubutu mai yawa a kanta: a kife fasasshiyar tukunya bisa ramin wani babban gizo-gizo ko ƙaguwa, a zuba ganyaye masu alamomi, a sa tsinke da dutse, a yi tambaya, in dabbar ta fito ta hargitsa ganyayen, sai mai duba ya karanta yadda suka kwanta. Aure kuwa iri biyu ne. Akwai na musaya, inda gida biyu ke musayar 'yan mata, 'ya'ya su zama na dangin uba. Akwai na dukiya, inda dangin uwa ke da ƙarfi kan 'ya'ya. C. K. Meek ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1931 kan ƙabilun Arewa, Farnham Rehfisch kuma ya zauna a ƙauyen Warwar a farkon shekarun 1950 ya duba abin da idonsa. Turawa sun hana auren musaya. A yau Mambilawa sun kasu tsakanin Kiristanci da Musulunci, ana kuma samun duka biyu a gida ɗaya.

Amma abin da ya fi muhimmanci ga wannan bayani shi ne nomansu. Mambilawa manoma ne na gaske. Da dawa suke shukawa, daga baya masara ta karɓe wurinta, ga gwaza ga ayaba. Ƙasar tudu mai yawan ruwa takan gaji da wuri, sai suka samo mata magani: in gona ta yi shekaru tana ba da amfani, sai a shuka mata wani ɗan itace da suke kira yom, wanda Hausawa suka sani da majimfa, wadda masunta ke bugar da kifi da ita. Majimfa dangin wake ce, saiwarta tana mayar wa ƙasa ƙarfinta. A bar gonar shekara biyu ko fiye, sa'an nan a sare, a ƙone ko a binne, a sake shuka. Manomin da bai taɓa jin sunan takin zamani ba ya gano abin da malaman gona suke koyarwa a kwaleji. Sai dai wannan dabara tana da sharaɗi guda: dole mutum ya kasance da ƙasar da ta fi wadda yake nomawa a bana. Wanda bai san tsarin ba, in ya ga saura ta yi ciyawa, sai ya ce fili ne ba mai shi. Rabin rikicin Mambila daga wannan kuskuren gani ya taso.

Daga Banyo zuwa Gembu

Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya iso wannan yanki ta hannun Modibbo Adama, wanda ya kafa masarautar Fombina, watau Adamawa. Daga cikin ƙananan masarautun da suka tsiro ƙarƙashinta akwai Banyo, gabas da tsaunin, da Gashaka, arewa da shi. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19 mayaƙan waɗannan wurare suka riƙa hawa tsaunin suna kamun bayi. Ƙauyukan da suka yarda suka ba da gandu, waɗansu suka gudu cikin kogo da kurmi, waɗansu suka haƙa ganuwa bisa tuddai, wadda ana ganin gurbinta har yanzu. Jama'a ta ragu ƙwarai. Ba a faɗi wannan don tayar da tsohon miki ba. An faɗe shi ne don wanda bai san shi ba ba zai gane zafin da wasu maganganu ke ɗauke da shi a Gembu ba. A wannan zamani ne kuma fataken Hausawa masu neman goro daga ƙasar Banso suka san hanyoyin yankin, waɗansunsu suka yi zango suka zauna.

Da Turawa suka raba Afirka, tsaunin ya faɗa rabon Jamus, cikin ƙasarsu ta Kamaru. Jamusawa sun shiga Banyo a 1902, inda aka kashe jagoransu Nolte, aka kuma kashe Lamiɗo Umaru. Mulkinsu bai daɗe ba. A Yaƙin Duniya na Farko, cikin Nuwamba 1915, sojan Ingila ƙarƙashin Janar Cunliffe suka ƙwace dutsen Banyo, a 1916 kuwa Kamaru duka ta fita hannun Jamus. Ingila da Faransa suka raba ta. Yarjejeniyar Milner da Simon ta 1919 ta shata iyaka a takarda, ta Thomson da Marchand ta 1929 zuwa 1930 ta fayyace ta rafi-rafi, tudu-tudu. Banyo ta tafi Faransa, Gashaka da Mambila suka zo Ingila. Iyakar nan ce ta raba Mambilawan sama da 'yan uwansu na filin Tikar, ita ce kuma Kotun Duniya ta tabbatar a hukuncinta na 10 ga Oktoba, 2002.

A doka, yankin ba mallakar Ingila ba ne, amana ce aka ba ta, da farko daga tsohuwar majalisar ƙasashen duniya a 1922, sa'an nan daga Majalisar Ɗinkin Duniya a 1946. Amma a aikace an haɗe shi da Jihar Arewa, cikin Lardin Adamawa da aka kafa a 1926. Turawan Ingila, bisa al'adarsu ta mulki ta hannun sarakuna, da suka duba ba su ga babban sarki a Mambila ba, sai suka sa ƙasar ƙarƙashin hakiman En'e ta Adamawa, wadda ke amsa wa Lamiɗo a Yola. Watau mutanen da aka kai wa hari jiya, yau an ce su kai haraji ga ɓangaren da harin ya fito. Di'o kuwa sai ya yi kwanaki a kan doki ko a ƙafa kafin ya iso. Hasali ma ta wajen Bamenda an fi samun sauƙin shigowa, ta can ne 'yan mishan na Baftis suka zo suka kafa tasha a Warwar.

Sakamakon wannan tsari ya fito fili ranar 7 ga Nuwamba, 1959, sa'ad da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wa Arewacin Kamaru ƙuri'ar raba gardama. Aka tambayi mutane, za su shiga Jihar Arewa ta Nijeriya in ta sami 'yanci, ko kuwa a ɗage maganar sai gaba? Kaduna ta ɗauka abin a hannu yake. Sai ga mutum 70,546 sun ce a ɗage, 42,788 kaɗai suka ce Nijeriya. Aka fahimci cewa ba Nijeriya mutane suka ƙi ba, mulkin En'e na Yola da Dikwa suka ƙi. Nan da nan aka yi gyara, aka yanke yankin daga Adamawa, aka kafa sababbin En'o'i, ciki har da ta Gashaka da Mambila. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi alkawarin za a ba su lardi nasu na kansu. Da aka sake ƙuri'a a Fabrairu 1961, Nijeriya ta sami 146,296, Kamaru 97,659. Ranar 1 ga Yuni, 1961, yankin ya shigo Nijeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna, hedkwata a Mubi. Shugaba Ahmadu Ahidjo ya kai ƙara Kotun Duniya, ta ƙi sauraron ƙarar a 1963.

Sauran canje-canjen na takarda ne: Jihar Arewa maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Taraba a 1991. Sunan Sardauna, wanda da ya rufe ƙasa tun daga Gwoza har Gembu, yanzu ya rage a kan wannan ƙaramar hukuma kaɗai.

Shanu, jama'a da ƙasa

Ya kamata a bambanta Fulanin da suka zo da yaƙi a ƙarni na 19 da waɗanda suka zo da sanda a ƙarni na 20, ko da yake a bakin mai fushi duk ɗaya ne. Makiyaya sun fara hawowa da garkunansu ne bayan da ƙasa ta kwanta a zamanin Ingila, tun daga shekarun 1920, suka ƙaru ƙwarai daga shekarun 1940. Abin da suka tarar ya wuce mafarki: ciyawa har gwiwa, ruwa ko'ina, ba sammore. Hukuma ta yi maraba da su, don jangalin da ake karɓa kan kowace saniya ya zama babbar hanyar kuɗin baitulmali. Tuddai a lokacin da sauran fili, saboda yaƙe-yaƙen baya sun rage mutane. Sai aka yi wani irin rabo: manomi a kwari da gefen tudu, makiyayi a bisa tudu. Jami'an Turawa ma sun yi ta shata iyaka tsakanin gona da makiyaya.

Rabon ya yi aiki muddin mutane kaɗan ne, shanu kaɗan. Amma duka biyu suka yi ta ƙaruwa. Allurar rigakafi ta rage mutuwar shanu, asibiti ya rage mutuwar yara. Baƙi kuma suka yi ta shigowa daga kudu, ta wajen Kamaru: Kaka, waɗanda suke kiran kansu Yamba, da Kambu, da Panso, watau mutanen Banso, waɗansu don noma, waɗansu don ƙodago da ciniki. Ga Hausawa da Ibo a kasuwannin Gembu da Nguroje, ga Ndoro da Tigun a gangaren yamma. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Sardauna mutum kamar 224,000 a fili mai murabba'in kilomita 4,600, watau kusan mutum 50 a kowane murabba'i. Wanda ya saba da karkarar Kano zai ce ai wannan ba cunkoso ba ne. Amma a cire gangaren da garma ba ta hawa, a cire tuddan da shanu suka riƙe, a tuna kuma manomi yana bukatar saurarsa, sai lissafin ya canja. Binciken dabbobi da aka yi ta jirgin sama a shekarun 1980 ya nuna tsaunin yana cikin wuraren da shanu suka fi cunkushewa a Nijeriya.

Ƙasar kanta ta fara nuna gajiya. Inda kofato ya yi yawa, ciyawa mai laushi ta ba da wuri ga mai tauri wadda shanu ba su so, hanyoyin shanu a gefen tuddai suka zama kwazazzabai. Da rani kuma dole garke ya gangara kwari neman ɗanyar ciyawa da ruwa, kwarin nan kuwa nan ne gonar manomi take. Saniya ba ta san majimfa taki ba ce.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ƙara wa abin wani salo. Ta mayar da ƙasa hannun gwamna, ta kuma buɗe hanyar samun takardar mallakar fili mai faɗi don kiwo. Masu hali, na gida da na nesa, manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da manyan makiyaya, suka karɓi takardu suka kewaye tuddai da waya mai ƙaya. Manomi yana cewa ƙasar kakanninsa ce, shaidarsa kabari da tsohuwar ganuwa. Mai garke yana cewa shekara hamsin ko fiye ubansa na biyan jangali a nan, ga kuma takardar gwamnati. Alƙali kuwa takarda yake dubawa. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, wayar nan ba manomi kaɗai ta tsare ba, ta tsare ƙaramin makiyayi mai shanu ashirin, wanda shi ma ba shi da takarda. Da aka mayar da shugabancin ƙaramar hukuma abin zaɓe, sai ƙuri'a ta zama wata hanyar yin wannan shari'a, don Mambilawa sun fi yawan kai, Fulani sun fi yawan dukiya.

An yi arangama a lokuta da dama, amma biyu sun fi muni. A Janairu 2002 faɗa ya sa makiyaya kamar 17,000 suka tsallaka Kamaru, bisa ƙiyasin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sai a 2005 aka fara komo da su. A Yuni 2017 aka sake, aka ƙone rugage, aka kashe mutane da shanu masu yawa, galibinsu na Fulani. Alƙaluman da ɓangarorin suka bayar sun yi nisa da juna ƙwarai, wannan ma kansa alama ce ta yadda yarda ta ƙare. Masu neman sauƙin bayani sukan ce faɗan addini ne. Ba haka ba ne, don akwai Musulmi da yawa cikin Mambilawa. Faɗan ƙasa ne, tsohon tarihi ya ba shi harshe.

Game da arziki, ban da shanu da masara, tsaunin yana ba da dankalin Turawa da fiya da gahawa, da katakon turare da ake saukarwa garuruwan ƙasa. Gonar shayi ta Kakara, wadda aka kafa a tsakiyar shekarun 1970, ita ce ke fitar da Highland Tea, ta kuma jawo ƙananan manoma da ke kewaye suna shuka ganyen suna sayar mata. Shayi yana son sanyi da ruwa da ƙasa mai tsami, duk kuwa akwai su. Abin da ya daɗe yana cutar kowane amfani na Mambila shi ne hanya guda ɗaya tilo, wadda in gada ta karye ko dutse ya zaftare, sai kaya su ruɓe a sama, farashin gishiri da mai ya tashi.

Maganar lantarki kuwa ta girmi yawancin mutanen da ke zaune a tsaunin. Tun shekarun 1970 aka fara binciken yadda za a tare kogin Donga a sama, a sako ruwan ta rami cikin dutse ya juya injuna a ƙasa. A Nuwamba 2017 gwamnatin tarayya ta sa hannu da kamfanonin Sin kan kwangilar dala biliyan 5.8 don samar da megawat 3,050, abin da zai sa ta zama babbar tashar ruwa ta Nijeriya, ta ninka Kainji sau huɗu. Wani kamfani da ya ce an ba shi aikin tun 2003 ya kai ƙara gaban masu sasanci a Faris, daga baya kuma gwamnati ta yi maganar rage girman aikin da rabi. Har shekarar 2024 ba a aza harsashin madatsar ba. In kuwa an gina ta, ruwan da za a tare ba bisa tudu zai kwanta ba, cikin kwari zai kwanta, inda manomi ke shuka masararsa, inda kuma makiyayi ke kai garkensa da rani.